Animonin ta mutu a kwana tara, mai shago ya ce in sake sayen wata

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina sana'ar canji. Wata biyu da suka wuce na haɗa tankin kifin ruwan gishiri mai cin lita 120 a falona, saboda 'yar autata da ta nace sai an kawo mata kifin Nemo, irin wanda ta gani a fim ɗin yara. Na sa guda biyu, suna ta wasansu lafiya. Da tankin ya yi sati biyar, mai shagon ya nuna mini wata halittar teku mai kama da fure, animoni, fara sol, ya ce ita ce gidan kifin, in babu ita ba za su yi nisan kwana ba. Na saye ta da tsada. Tunda na sa ta ba ta zauna wuri ɗaya ba, kullum tana yawo, bakinta a hangame. Ranar kwana na tara muka tashi sallar asuba falo na warin mushe, ruwan ya yi fari, kifi ɗaya ya mutu. Uwargida ta ce dama ta faɗa, kuma har yanzu ban gaya mata ainihin kuɗin da na kashe ba. Yarinya kuwa kullum kuka. Mai shago ya ce rashin sa'a ne, zai rage mini kuɗi a kan wata rawaya da za ta iso mako mai zuwa. Ina tunanin in saya a ɓoye in sa, kowa ya huta. Ma'aunin zafin tankin kan nuna 30 da rana, janareta kuma muna kashe shi sha biyun dare in babu wuta. Me za ka ce?

Wani ɗan uwa daga Agege

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya sa iyakar asarar ke nan.

Kada ka sayi rawayar nan. Ko kyauta ya ba ka, ka ce ka gode ka bar masa abarsa. Tankinka a yadda ka kwatanta shi zai kashe ta ita ma, kuma wannan karon ƙila ta tafi da kifin da ya rage.

Farin da ya ɗauki idonka, kallon kitse ka yi wa rogo. Animoni kama take da fure, har wasu ke ce mata furen teku, amma dabba ce, dangin murjani. A cikin naman jikinta akwai wasu ƙananan halittu irin gansakuka waɗanda ido ba ya gani, masana na ce musu zuzanteli. Su ke karɓar haske su haɗa abinci kamar yadda ganyen bishiya ke yi, su ba ta kaso mai tsoka, ita kuma ta ba su masauki. Su ne kuma ke ba ta launin ruwan ƙasa-ƙasa ɗin nan da mutane ba sa sha'awa. In ta sha wahala, ko ta zafi, ko ta duhu, ko ta doguwar tafiya a cikin leda daga Indunusiya ko Kenya zuwa filin jirgin Ikeja, sai ta amayar da su. Abin da ya rage shi ne farin nama mai yunwa. Wato ranar da ka ƙirga kuɗi ka miƙa, tana kan gargara. Gwani mai tsohon tanki kan iya farfaɗo da irinta cikin watanni da ciyarwa a hankali, amma ba a tanki ɗan sati biyar ba. Rawayar da ake maka alkawari kuwa, in ka ga launin ya yi ɗau kamar an tsoma ta a kwanon rini, daga yatsunta har gindinta iri ɗaya, to rinin ne aka yi mata. Tsohuwar dabara ce a wannan kasuwa, an fi yi wa nau'in da ake kira sebae: a ɗauko marar lafiya a shafa masa hoda da jan-baki. Ban ce mai shagonka ne ya rina ba, wataƙila haka aka aiko masa, shi ma bai sani ba.

Inda na fi jin haushi shi ne maganar da ya faɗa maka cewa kifin ba zai rayu ba sai da ita. A teku haka ne, domin kifin Nemo ba gwanin iyo ba ne, manyan kifaye na farautarsa, sai ya fake a cikin yatsun animoni masu harbi, shi kuma yauƙin jikinsa na kare shi daga harbin. A falonka wa ke farautarsa? Yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu a cikin tankuna aka ƙyanƙyashe su, iyayensu ma ba su taɓa ganin animoni ba, masu kiwon kan sa musu tukunyar ƙasa irin ta shuka fure, su yi ƙwai a jikinta hankali kwance. Sannan cikin nau'o'in animoni fiye da dubu da ke duniya, kimanin goma kacal ne ke saukar wannan kifi, dukkansu a tekun Indiya da na Pasifik. Tekunmu na Atilantika babu kifin Nemo a cikinsa sam. Akwai wata mai araha da ake kawowa daga yankin Karibiyan, Condylactis, doguwar yatsu mai ɗigon shunayya a ƙarshen yatsun, ba ta san wannan kifi ba, tana iya haɗiye shi ma. Irin kifin da ke cikin fim ɗin Finding Nemo na 2003 da yarinyarka ta kalla, masu masaukinsa na asali guda uku ne, kuma duk ukun suna cikin masu wuyar riƙo.

Sai shekarun tankin. Sati huɗu zuwa shida na farko, ƙwayoyin bakteriya ne ke kafuwa a jikin duwatsu da yashi, suna mayar da amoniya ta kashin kifi zuwa naitirait, daga nan zuwa naitiret mai sauƙin illa. Da wannan ya kammala kifi mai ƙarfin hali zai iya zama. Animoni kuwa ba ta da sulke ba ta da ƙashi, kusan duk jikinta ruwa ne, tana shan ruwan tankin ta kumbura ta fitar ta sake sha, saboda haka duk wani hawa da sauka na gishiri ko zafi a cikin jikinta yake faruwa. Shi ya sa masu wannan harka suka tsaya a kan wata shida a ƙalla, wasu ma shekara. Rabin wannan jira na tankin ne, rabi na mai tankin, domin a wata shida ne za ka san halin ruwanka kamar yadda ka san halin dala ranar Litinin.

Yanzu ga babbar magana, wadda littattafan Turawa ba za su tsaya a kanta ba domin su hita suke saya, mu kuwa a Legas sanyi muke nema. Animoni tana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 26, ta jure 27. Kai ka ce 30 da rana, kuma ban san a wane wata ka auna ba. Ka jira Fabrairu da Maris, lokacin da bangon ɗaki ke riƙe zafi har tsakar dare. Fitilar tankin tana ƙara zafi, famfunan da ke cikin ruwa suna ƙarawa. A digiri 30 zuzantelin nan da na ambata ficewa suke, ko da lafiyayya ka sayo. Fanka ƙarama da ke hura saman ruwa tana rage digiri ɗaya ko biyu, amma a Legas iska ta riga ta ƙoshi da laima, don haka fankar ba ta yin aikin da za ta yi a Kano. Robar ruwa mai ƙanƙara a rufe, a jefa ta tana yawo a saman tanki, dabarar ranar tsautsayi ce. Maganin gaskiya shi ne na'urar sanyaya ruwan tanki, cila, ko kuma ɗakin da esi ba ya mutuwa. Dukansu wuta suke ci.

Ka ce kuna kashe janareta sha biyun dare. Daga sha biyu zuwa shida, awa shida ke nan ruwa na tsaye cik. Abu na farko da ke ƙarewa a tankin da ya tsaya shi ne iskar shaƙa, kuma ruwan ɗumi mai gishiri dama ba ya riƙe ta da yawa. Da daddare ba kifi kaɗai ke numfashi ba, bakteriyar duwatsu na ja, animoni na ja, har zuzantelin da ke ba da iska da rana su ma ja suke in duhu ya yi. Ko layin wutarku na Band A ne, wato rukunin da aka fi ba wa wuta, alkawarin awa 20 aka yi, sauran huɗun fa? Don haka kafin ka sake tunanin wata dabba, ka ja wa tankin layinsa daga inbata ko sola. Ba sai ka ɗora komai a kai ba. Famfon da ke motsa ruwa shi ne farilla, kuma ba ya cin wuta sosai. Sanyaya ruwa ke biye. Fitila ita ce ta ƙarshe, animoni kan yi kwana ɗaya ko biyu babu haske ba ta ce uffan ba. Ka ajiye kuma ɗan famfon iska mai batir a cikin durowa, da batir sababbi kusa da shi, ka nuna wa kowa a gidan yadda ake kunna shi.

Yawon da ka ga tana yi, neman mafita take. Animoni tana da tafin ƙafa guda a ƙasanta, da shi take manne wa dutse, in wuri bai yi mata ba sai ta ja jiki, wani lokaci ta saki gaba ɗaya ruwa ya ɗauke ta. Ni ma a nan na taɓa ƙonewa. Tawa ta farko, wata asuba na haska tocila na tarar rabinta a cikin ragar famfo, ruwan kamar an dama koko, guntayen yatsunta na shawagi, kifayen sun taru a kusurwa suna haki. Soson da zan rufe bakin famfon da shi yana nan a leda kan tebur, sati biyu ina cewa gobe. Tun daga ranar duk famfon da ke tankina da hularsa.

Ban san da wane ruwa ka haɗa tankin ba, amma bari in rufe ƙofofin da na san mutanenmu kan bi. Ruwan burtsatse a'a, a unguwanni da yawa na Legas ƙarfe ya yi masa yawa, kai ma ka ga yadda yake rina bokiti. Ruwan leda a'a, sai dai in ka auna shi da ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa, ka ga sifili ko dab da shi. Ɗebo ruwa daga bakin teku a Lekki ko Tarkwa Bay shi ma a'a: lagun na juye duk abin da garin nan ya zubar a cikin teku ta bakin tashar jiragen ruwa, da damina kuma gishirin bakin gaɓa raguwa yake. Abin da ake so shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO, mai cire kusan duk abin da ya narke a ruwa, a zuba masa gishirin tanki na musamman mai ɗauke da kalsiyam da magniziyam, kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, wato tankinka ya ci fiye da kilo huɗu. Gishirin miya ba ya wannan aiki. A dama a bokiti mai tsabta a bar shi ya kwana, a auna da rifiraktomita, ɗan ma'aunin nan da ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido ɗaya, ya nuna 1.025 ko 1.026. In ruwa ya ragu saboda zafi, da ruwa zalla marar gishiri ake cikowa, domin ruwan ne ya tashi, gishirin na nan. Mutane da yawa a nan suke kuskure, su yi ta ƙara ruwan gishiri har tanki ya koma kanwa.

Aikin wannan makon dai kifin da ya tsira ne. Ka zuƙe duk wani guntun nama da ya maƙale a ramukan duwatsu, ka canja kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, bayan kwana biyu ka sake, ka sa gawayin tace ruwa na tanki a cikin matata. Ka auna amoniya kullum har ta tsaya a sifili. Ka rage masa abinci. In ka ga farin ɗigo a jikinsa aka ba ka magani, ka karanta kwalbar: in akwai jan ƙarfe a ciki kada ya shiga wannan tanki, domin duwatsu kan shanye shi su riƙa sakinsa daga baya, kuma guba ne ga animoni da murjani. A wani ƙaramin tanki daban ake jinya.

In wata shida sun cika, zafi ya tsaya a 26 dare da rana, wuta ba ta yankewa, fitilarka kuma irin ta murjani ce mai ƙarfi, to nau'i ɗaya zan yarda ka nema: mai kumburin kan yatsu, wadda a shago ake ce wa bubble tip. Ita ta fi haƙuri, lita 120 ya ishe ta, kuma tana rabewa biyu da kanta in ta ji daɗi. Saboda haka mafi alheri ka samu wadda ta rabe a tankin wani a nan Legas, ta riga ta saba da zaman gilashi, ba ta sha jirgi ba. Manyan nan masu faɗi kamar darduma ka bar su, suna cin kifi, harbinsu kuma har mutum yana ji. Sai dai ka sani tun yanzu, kifinka na iya shiga cikinta a kwana ɗaya, yana iya yin shekara bai kalle ta ba. Ba a yi musu auren dole.

Ranar saye ka je da idonka, ka bar kunnenka a gida. Ka durƙusa ka dubi bakin da ke tsakiyarta, ya kasance a tsuke kamar bakin jakar zuge, ba a hangame da farin ciki a waje ba. Launi ya zama mai duhu, kore ko ja a kan ruwan ƙasa. Ta kasance a manne da dutse gam, in ka ga tana birgima a ƙasan tanki ka wuce. Ka ce ya ba ta ɗan guntun jatan lande a gabanka: lafiyayya yatsunta za su cafke shi kamar danƙo, su naɗe, su kai baki cikin 'yan mintuna. In naman ya zame ya faɗi, ka yi sallama. Wadda ta sauka daga jirgi jiya kada ka ɗauka, ka ba da kafin alƙalami ka ce ta yi sati biyu a wurinsa, mai kaya na gari ba zai ƙi ba. In tana kan ƙaramin dutse ka saye ta da dutsen, domin wajen ɓamɓarowa ne ake yaga tafin ƙafar, wadda ƙafarta ta yage kuwa da wuya ta tashi. Ka je da kula mai riƙe sanyi, ka je da sassafe. Leda a kujerar mota cikin gosulon Gadar Third Mainland da azahar, dafaffiya za ka kai gida.

A gida ka sa ledar ta yi yawo a saman tanki minti ashirin zafi ya daidaita, sannan ka juye a roba ka riƙa ɗiga mata ruwan tankinka da siririn tiyo na kamar awa guda. Ka sa safar hannu, ka ajiye ta kusa da wani rami a dutse, ka rage ƙarfin famfo, ka ƙyale ta. In ta zaɓi bayan dutse inda ba ka ganinta da kyau, haƙuri za ka yi. Abinci ɗanyen jatan lande ne marar gishiri, guntu kamar ƙwayar wake, sau ɗaya ko biyu a mako. Wata rana za ka tarar ta yamutse kamar tsumma, tana fitar da wani baƙin zare ta baki. Kada gabanka ya faɗi, ƙofa ɗaya gare ta, ta nan abinci ke shiga ta nan yake fita, bayan 'yan awoyi za ta cika. In ta wuce kwana guda a haka, nama na zagwanyewa, ka ɗago ta a roba ka sansana. Kai yanzu ka san warin.

Abu biyu na gidajenmu da ba za ka ji a bakin mai shago ba. Fiya-fiya da maganin sauro na fesawa kada su kusanci falon nan, in dole ne a yi feshi a rufe tankin ruf a kashe sikima, wato na'urar da ke cire datti ta hanyar kumfa, domin iskar ɗaki take zuƙa tana kaɗawa cikin ruwa. Kaskon turaren wuta ma a matsar da shi nesa. Hannun da ya sha man shafawa ko turare kuma ba ya shiga ruwa sai an ɗauraye shi sosai.

Ka lura duk waɗannan a hannun wa suke? Kai kana kasuwa tun safe. Wanda ke gida in wuta ta ɗauke da rana, wanda ke sa turare, wanda ke cewa a yi feshi, Hajiya ce. Ta yaya za ka riƙe dabbar da ranta ke hannun mutumin da kake ɓoye wa kuɗinta? Ka zaunar da ita ka faɗi adadin, na tanki, na wadda ta mutu, da abin da cila da batir za su ci. Za ta yi faɗa, ta kuma yi gaskiya, tunda ita ta wanke labule. Daga nan ku yanke tare. Dabbar nan ba ta sati ba ce: a Sikotilan wani masani, John Dalyell, ya ɗauko wata daga bakin teku a 1828, ya rasu a 1851 ya bar ta, ba ta mutu ba sai 1887. Tata irin ta ruwan sanyi ce mai taurin rai, amma dai ka ga irin tsawon alkawarin. Kuma mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa. Abin da ka tsare a gilashi, ci da shansa da iskarsa sun hau kanka. In Hajiya ta ce ba ta ɗauka, to ba a yi, kuma kifin bai rasa komai ba.

Ita kuwa 'yar auta, abokin kifinta take wa kuka, animoni ba ta dame ta ba. Bayan wata guda, in amoniya ta zauna a sifili, ka je da ita ta zaɓi wani irinsa, amma ƙarami sosai a kan wanda ke gida, don kada su yi faɗa. Duk kifayen nan maza ake ƙyanƙyashe su, wanda ya fi girma a cikin biyun shi ke rikiɗa ya zama mace, kuma ita ke mulkin gidan. Wannan ka faɗa wa Hajiya bayan ta huce. Ka saya wa yarinyar ɗan littafi, ta riƙa rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna sau uku a rana: bayan asuba, in ta dawo makaranta, da bayan isha'i. In kwana talatin sun cika ka turo mini lambobin, mu ga ko fanka za ta isa ko sai cila.